Barkwancin Babanku

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu? Da fatan kina lafiya kamar yadda muke, sai dai wani abu ya tsaya mini a rai.

Babanku ya fara barkwanci. Kin san shi, mutumin da zai wuni kan keken ɗinki bai ce uffan ba. Jiya na ce ya rame, ya ce wai tela mai tattalin yadi da jikinsa yake farawa. Ƙannenki suka yi ta dariya, ni ban yi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Irin wannan magana koyonta ake yi, kuma ba a bakina ya koya ba. Ga shi duk Talata sai ya rufe shago ya fita, wai sayen zare. Zaren da ban taɓa gani ba.

Ki huta lafiya,
Mahaifiyarki

'Yata,

Ina gaishe ki, ya jikinki da murar? Na ga amsarki. Kin ce Turawa "banter" suke kiransa, wato zolayar juna cikin raha, kuma masanansu ma ba su san inda kalmar ta samo asali ba. Su ta shafa. Ni asalin na babanku nake nema, don ba a zolaya mutum ɗaya. Ina zargin mai sayar da maɓallan nan, bazawara mai fari da ido. Talata zan bi sawunsa.

Allah ya yi miki albarka,
Mahaifiyarki

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na bi shi, bakina cike da abin da zan faɗa mata. Bai nufi kasuwa ba. Asibiti ya shiga, sashen masu ciwon daji. Na leƙa ta taga, na gan su a jere, kowa da ƙarin ruwa a hannu, suna zolayar juna suna dariya, babanku a tsakiyarsu. Can ya koyo, yake kawowa gida yana rufe mana ido da shi.

Ban nuna na gani ba. Da ya dawo ya yi wani barkwancin, na yi dariya har ya ji daɗi, sannan na shiga kicin na yi kukana. Wallahi da bazawarar ce, da na gode Allah.

Kada ki jira hutu, ki taho. In ya zolaye ki, ki yi dariya sosai.

Taki har kullum,
Mahaifiyarki