Abin da Na Gani a Gwangwaninka, Baba

Zuwa ga Babana, Malam Iliya mahauci,

Assalamu alaikum. Na san ba mai karanta maka wannan, amma maganar ta yi mini nauyi a baki, gara in sauke ta a takarda.

Yaronka Ɗanjuma ya karɓi teburinka a mayanka, sai dai bai iya fiɗa kamarka ba. Wayar hannu ta shigo Agege, wanda ya samu sai ya rataya a wuya. Inna ce ba lafiya. Likita ya ce kitse ya yi yawa a jininta, ya rubuta mata irin ƙwayar da ya ba ka. Ta ƙi sha, wai ƙwayar ce ta kashe ka. Jiya na tsinci guda uku a ƙarƙashin tabarmarta.

Ka tuna da cinyoyinka suka fara ciwo? Muka ce aiki ne. Wane mahauci ne jikinsa ba ya ciwo? Ni na sayo maka maganin ciwon jiki wurin mai talla a cikin mota, a hanyar Oshodi. Kana sha ciwon ya lafa, ka saɓi cinyar saniya ka wuce. Har murna nake yi.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Da ƙafa ta ƙi kai ka bayan gida, ni ke zubar da gwangwanin fitsarinka. Kwana shida ina ganinsa baƙi-baƙi, kamar shayin da ba madara. Na gani sarai. Amma ta yaya ɗa zai buɗe baki ya yi wa ubansa maganar fitsari?

Bayan sadakar bakwai na koma asibiti na tambaya. Likita ya ce mutane da yawa suna haɗa ƙwayar kitse da maganin ciwon jiki lafiya, in an tambaya tukuna. Ciwon cinyar nan gargaɗi ne cewa ƙwayar kitsen ta fara taɓa naman jikinka, mu muka toshe masa baki da maganin mai talla. Da mun zo ranar da fitsarin ya sauya, wataƙila da ƙodarka ta tsira.

Kwananka ne ya ƙare, na sani. Na Inna bai ƙare ba. In na yi shiru, za ta ci gaba da zargin ƙwaya tana ɓoyewa. Gobe in ta idar da la'asar zan durƙusa a bakin ƙofarta in faɗa mata duka. Mai yiwuwa ta daɗe ba ta ɗago ido ta dube ni ba. Na yarda, in dai za ta sha.

Ka yafe mini, Baba. Allah Ya haskaka kabarinka.

Ɗanka da ya yi shiru,
Sabitu, Agege