Sunanka a Harshen Islan

Baba,

Ina gaishe ka da gaisuwar da ta makara. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana da rai ma sai ka kai wa mushe, wato malamin lakol, makarantar bokon Gangara, ya karanta maka, abin da ke cikinta kuwa ba na kunnen mushe ba ne.

Wasiƙar ƙanena Bello ta iso ni mako uku da suka wuce. Ya ce ka rasu bayan an gama yankan gero, zazzaɓin kwana huɗu. Ya ce rumbu biyu sun cika, wake ne dai tsutsa ta ɓata. Jar saniyarka ta haifi maraƙi. Inna tana takaba, Gwaggo ta zo daga Gidan Sori tana zaune da ita. Kwamandan nasara, Baturen mulki, ya tafi, baƙin mutum ne yanzu a buro, ofishin gwamnati. A bayan ambulan kuwa an rubuta Isa Tanko. Labarin mutuwarka ma da sunan wani ya same ni.

Ka tuna shekarar da aka ce kowane maigari ya ba da ɗa a lakol? Maigari Tanko ya ɓoye nasa, ya nuna ni, ɗan bafulatanin da ya ajiye sanda ya kama noma a bakin gari. Aka rubuta ni da sunan Tanko. Wannan ba laifina ba ne, shekarata bakwai. Laifina shi ne sunan ya yi mini daɗi, na riƙe shi har na girma.

Da aka samu 'yancin kai, gwamnati ta tura mu Faransa koyon likitancin dabbobi, daga can aka zaɓe ni in zo wannan tsibiri na Islan in ga yadda suke kiwon tumaki. Na aiko muku cewa na tafi Islan. Bello ya ce ka ɗauka ƙasar Islam ce, ka yi hamdala, ka gaya wa kowa a masallaci. Ban gyara maka ba. Ko masallaci ɗaya babu a nan, Baba, tumaki sun fi mutane yawa, kuma da sanyi rana leƙowa kawai take yi ta koma.

Harshensu ya ƙasƙantar da ni. Ni da nake hura hanci da faransanci a kasuwar Gazawa, ga ni kan benci gaban wata tsohuwar malama ina tauna harshe. A wurinsu kalma ba ta zama da riga ɗaya. Doki hestur ne in yana tsaye abinsa. In za ka yi magana a kansa ya zama hest, in daga gare shi ka taho hesti, in wurinsa za ka hests. Doki ɗaya, riga huɗu, kuma kullum sai na sa masa wadda ba ita ba.

Sunan mutum ma haka yake juyawa. Su ba su san sunan dangi ba. Ana ɗaukar sunan mahaifinka, a juya shi, a liƙa masa kalmarsu son, wato ɗan wane. Wata rana malamar ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar sunan uba, tana haɗa wa kowa nasa a allo. Sai layi ya zo kaina. A takardar Faransa Tanko zama kawai yake yi kusa da Isa, bai ce komi ba. A nan kuwa nahawu zai faɗa ƙarara cewa shi ya haife ni. Wannan ƙaryar ta fi ƙarfin bakina. Naka kuma na daɗe da binne shi. Sai na ce mata a wurinmu ɗa ba ya kama sunan mahaifinsa, kunya ce. Ta yaba da al'adar, har ta rubuta a littafinta.

Gaskiya na faɗa mata, amma ba ita ta riƙe mini harshe ba. Kai ba ka taɓa kama sunana ba saboda ni ne ɗan fari. Wancan kake ce mini, ko mai lakol, kana kallon wani gefe, kuma kowa ya san so ne. Ni kuwa? Ka tuna ranar kasuwa da ka tako tun daga gida ka kawo mini goran nono a lakol? Mushe ya tambaye ni wane ne kai. Na ce makiyayin gidanmu ne. Da faransanci na faɗa, don kada ka ji. Ka durƙusa ka gaishe shi kana murmushi, kana tsammani gabatar da kai na yi. Ko ka gane, Baba? Ka gane ka yi shiru? Duka biyun kunya ake ce musu, taka da tawa, amma ba su haɗa hanya ba. Ina jin nauyin kaina har yau.

Jiya na riga kowa zuwa aji, na ɗauki alli na rubuta sunanka. Malamar ta daɗe tana kallonsa. Ta ce ai ya zauna daidai kamar nasu, yana cikin sunayen da nahawunsu ke kira masu rauni, waɗanda sau ɗaya suke lanƙwasawa su tsaya a haka: Hammadi, Hammada, Hammada, Hammada. Ni ban ga rauni ba. Durƙusonka gaban mushe na gani.

Ta sa na jera shi kamar dokin nan. Um Hammada, a kanka. Frá Hammada, daga gare ka. Til Hammada, zuwa gare ka. Shi ne karo na farko da ban yi kuskure ko ɗaya ba, ga shi babu gidan wayar da zai kai maka.

In na dawo zan shiga buro a gyara takarduna, ko da za su ce shaidar karatun ta wani ce. Ka yafe mini kama sunanka da na yi. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.

Wancan ɗan naka,
Isa Hammadason