Ni Na Koya Wa Kwamfuta Rubutun Larabci, Shugabana Ya Sa Sunansa

Abla Wadida, don girman Allah ki taimake ni, domin zuciyata ta kai inda ni kaina nake tsoron abin da zan aikata. Kwana tara ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Mahaifiyata ta ce in bar wa Allah in yi shiru. Yayana ya ce in je in kife wa mutumin teburinsa a ka. Ni kuma na samo hanya ta uku, wadda ban gaya wa kowa ba sai ke.

Shekaruna ashirin da bakwai, lissafi na karanta a jami'a. Shekara huɗu ke nan ina aiki a wata cibiyar bincike a Giza, inda ake da kwamfuta. A unguwarmu ta Shubra a Alƙahira har yau an ɗauka tafireta nake bugawa. Gwaggona duk sanda ta gan ni sai ta ce, "Har yanzu dai ana can ana huda takardu?" Na gaji da bayani. Na'urar nan ta cika ɗaki guda, ita ake hura wa sanyi mu muna zufa a waje. Aikina shi ne in rubuta mata umarni layi-layi a takarda, a huda kowane layi a kan kati ɗaya, a miƙa katunan ta taga, sai washegari a ga abin da ta yi. Waƙafi ɗaya ya zauna inda bai dace ba, kwana guda ya tafi a banza.

Shugaban sashenmu zan kira shi Dakta Mamduh, ba sunansa ba ne. Ba zan yi masa ƙarya ba: wurare biyu sun kore ni don ni mace ce, shi ya ɗauke ni, shi kuma ya fara koya mini yaren na'urar da hannunsa. Amma zuciyarsa ba ta kan aikina. Burinsa a duniya shi ne ya haɗa na'urarmu da wadda ke Iskandariyya ta wayar tarho, a daina loda akwatunan kati a jirgin ƙasa.

To, na'urar da ke buga mana sakamako a takarda haruffan Turawa kawai ta sani. Sunan mutum kamar Abdul'azim in ya fito, ko uwar da ta haife shi ba za ta gane ba. Wata rana ana shan shayi Dakta ya buga jikinta ya ce, "Wata rana sai wani ya sa jakin nan ya yi Larabci." Ya ajiye kofi ya fita. Abla, wallahi wannan jimlar ita ce iyakar gudummawarsa.

Kowa ya ce ba zai yiwu ba. Gangar ƙarfen da ke ɗauke da haruffa gurbi sittin da huɗu gare ta, haruffanmu kuwa, in aka ƙirga siffar kowanne a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe da tsaye shi kaɗai, sun haura ɗari. Ina cikin bas wata safiya, an matse ni a jikin taga, na ƙura wa allon wani shagon ful, wato dafaffen wake, ido, sai na ga haruffan sinun da shinun da sadi da dadi duk wutsiyarsu iri ɗaya ce. Me zai hana a raba harafi biyu, jiki daban, wutsiya daban? Na ƙirga a bayan tikitina, suka zo hamsin da tara. Na wuce tashata ban sani ba.

Wata goma sha huɗu na yi ina rubuta umarnin. Kati dubu biyu da ɗari uku. Na sa na'urar ta riƙa leƙa harafin gaba ta zaɓi siffar da ta dace da kanta, ta kuma juya layi ya taso daga dama. Ƙwaƙwalwarta ƙarama ce ƙwarai, sau uku ina rushe komai in sake don ya shiga. Haruffan ƙarfen kuma Usta Girgis, mai gyara mana injuna, shi ya sassaƙa. Shi ne ma ya gano cewa in ba a ɗan karkata wutsiyar ba, ba za ta manne da jikin ba, har ya sake harafin sadi sau goma sha ɗaya. Amma wannan aikin hannu ne kawai.

Ranar da layin farko ya fito tas, Dakta ya sumbaci takardar a gaban kowa ya ce, "Ya binti, 'yata, kin fitar da mu kunya." Ya ce in rubuta masa bayanin komai. Na rubuta shafi talatin da hannuna, ina murna kamar wawuya. Ya tafi taron masana a Turai.

Makonni uku da suka wuce mujallar taron ta iso. Bayanina ne, kalma da kalma, an mayar da shi Turanci, har zanen wutsiyar da na yi. Suna ɗaya ne a sama, nasa. Can ƙasa da ƙananan haruffa ya gode wa "'yan matan ɗakin huda kati saboda haƙurinsu." 'Yan matan ɗakin huda kati, Abla! Ni da na fito ta biyu a ajinmu!

Na shiga ofishinsa na ajiye masa mujallar a gabansa. Ko a jikinsa. Ya ce, "Zauna mana ya binti, me za a kawo miki? Su can ba sa karanta takardar wanda ba su sani ba, sunana ne ya buɗe ƙofa. Kuma ai tunanin nawa ne tun farko. Ke da gobe-gobe za ki yi aure ki bar mu, me za ki yi da suna a mujalla?" Na juya na fito. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, cewa ko kalma ɗaya ban iya mayar masa ba. Yanzu wani abokin aikina kullum da safe sai ya rusuna ya ce, "Barka da asuba, 'yan mata masu haƙuri." Ana dariya, ni ma in yi yaƙe. Ga shi baɗi akwai gurbi ɗaya tal na ƙaro karatu a waje, ba a ba wanda bai taɓa wallafa takarda ba, kuma Dakta yana cikin masu zaɓa.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Makon jiya ina gwaji na gano kuskure a cikin aikina. In suna ya yi tsawo har wutsiyar harafin ƙarshe ta faɗo a gurbin ƙarshe na layi, sai ta zube a layin ƙasa, lambobin da ke gaban sunayen su zame da layi ɗaya har ƙarshen shafin. Ba ya yawan faruwa. Amma wata mai zuwa da wannan tsari za a buga sakamakon jarrabawar sakandare na lardi guda, ɗalibai dubu arba'in, a aika ta waya zuwa Iskandariyya, manya na tsaye suna kallo. Ranar Dakta ke nan da ya daɗe yana jira. Na riga na gyara kuskuren. Kati goma sha ɗaya ne, suna cikin jakata yanzu haka. In na yi shiru abin ya ɓaci, za a ce mai takarda ya zo ya gyara, shi kuwa ko shekara aka ba shi ba zai gano ba, don bai taɓa karanta katunan ba. Ranar kowa zai san mai aikin. Ina gaya wa kaina ai za a lura kafin a raba sakamakon.

In riƙe katunan? In gyara in haɗiye? Ko in ajiye aikin in huta? Ki gaya mini gaskiya, zan iya ɗauka.

Wadda Aka Goge, Shubra

*

'Yata,

Tun da kin ce za ki iya ɗauka, ga ta nan.

An zalunce ki, kuma ba zan saka miki wannan a cikin zuma ba. Sau biyu na karanta wasiƙarki, duk biyun raina ya ɓaci. Maganar da mutum ya yar a kan kofin shayi ba aiki ba ne; da haka ne, da duk mai zaman gidan shayi a Alƙahira ya zama masani. Zancen aure kuwa rainin hankali ne tsagwaronsa. Gaskiya ne ya ɗauke ki lokacin da wasu suka ƙi, ya koya miki, kuma mai yiwuwa sunansa ne ya sa aka saurari takardar. Ki riƙe masa wannan alherin, kada fushi ya sa ki musanta shi. Amma saman shafi yana ɗaukar suna biyu, har uku. Wanda ya buɗe miki ƙofa bai mallaki abin da ke cikin kanki ba.

Sai dai katunan nan na jakarki sun fi tayar mini da hankali fiye da Dakta. Kin ce za a lura. Wa zai lura? Ke da kika gina abin sai bayan wata goma sha huɗu kika gani. Ki tuna wata yarinya a ƙauye da ta kwashe shekara tana karatu, ta je allon makaranta ta tarar da makin wani a gaban sunanta. Ubanta ba shi da wanda zai buga wa waya. Za ta koma gida ta yarda cewa ita ce ba ta da ƙoƙari. Me ta yi miki? Ke da kika san zafin a ba wani abin da yake naki, ke za ki yi wa yara hamsin haka a shafi guda?

Kuma ko don kanki, dabarar ba za ta yi ba. Ranar da abin ya ɓaci, sunanki da ya ɓace wa Dakta a lokacin yabo zai dawo masa nan take. Zai ce ke kika rubuta, ke kika yi kuskure. In kuma aka gano kin sani kika ɓoye, ba wata cibiya a ƙasar nan da za ta sake barin ki kusa da na'urarta, kuma da gaskiyarsu.

Ga abin da za ki yi. Ki rubuta rahoto a hukumance: yadda kuskuren yake, yadda kika gano shi, yadda kika gyara. Ki sa kwanan wata da sa hannu, kwafi uku, ɗaya ga Dakta, ɗaya ga shugaban cibiyar, ɗaya a wurinki. Ki nemi a gwada gyaran a gaban mutane, ke ce a tsaye kina bayani. Duk mai hankali a ɗakin zai gane cewa wanda ya san inda gini ya tsage tun daga tushe shi ya aza tubalin. Shaidar da kike nema ke nan, ba tare da an cuci ɗan kowa ba.

Ki tattara rubuce-rubucenki na hannu da takardun gwaji masu kwanan wata, ki adana su a gida. Sannan ki koma wurin Dakta sau ɗaya, tare da wani babba da yake jin kunyarsa. Ki rubuta abin da za ki faɗa tun daga gida, don kada bakinki ya sake mutuwa. Abu biyu za ki nema: ya rubuta wa mujallar a gyara sunaye, ya kuma ba ki takardar shaida don gurbin karatun. Ki ba shi mako biyu. In ya ƙi, ki kai takardunki ga shugaban cibiyar kai tsaye. Ba zan yi miki alkawarin nasara ba. Yana iya ɗaure miki fuska, gurbin baɗi yana iya wuce ki. Shi ya sa za ki fara rubuta takarda ta biyu tun yanzu, da sunanki, a kan yadda kika cusa aikin cikin ƙaramar ƙwaƙwalwar nan. Wannan ba zai iya rubutawa ba.

Abu ɗaya kuma, ki yi haƙuri da ni. Ki sake karanta abin da kika rubuta game da Usta Girgis. Mutum ya gano abin da ya sa haruffanki suka haɗu, ya sake harafi ɗaya sau goma sha ɗaya, kin sallame shi da "aikin hannu ne kawai." Muryar wa kika ji a nan? Su kuma matan da kika ji haushin an haɗa ki da su, su suka huda miki kati dubu biyu da ɗari uku. In za ki nemi a gyara sunaye, ki je da na Usta tare da naki, kuma ki gaya masa kafin ki je.

Kada ki ajiye aikin. Barinki wurin ba zai hukunta kowa ba sai ke. Gobe da safe, kafin ki cire mayafinki, ki miƙa gyaran nan da rahotonki. Daga nan ki yi faɗanki a fili, kanki a ɗage, hannunki a tsarkake.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ƙwato miki haƙƙinki, ya kuma tsare ki daga taka wani a hanyar karɓarsa.

Taki,
Abla Wadida