Alewar da ke Rataye a Bishiyarmu

Daga bariki, ƙarshen Disamba, 1942

Piroska, matata, hasken idona, ɗumin ɗakina a tsakiyar ƙanƙara, zumar da yaƙi bai iya rage wa zaƙi ba!

Tun da jirgin ƙasa ya raba ni da ke ban rintsa ba. Kewa ce, amma ba ita kaɗai ba. Kunya ce ke cina, masoyiya, kuma dole takardar nan ta riga ranar Sarakuna Uku, shida ga Janairu, isa hannunki, ranar da za ku sauke bishiyar Kirsimeti ku raba alewarta.

Kin tuna yammacin da muka yi mata ado? Ƙwallayen gilashin adonta mun musanya su da garin alkama, sai tuffa biyu da sarƙar da muka yi da tsohuwar jarida. Amma alewa, ai kin ce ko duniya za ta tashi sai an rataya. Tun kaka kike shan shayi ba sukari, kina tara rabonki cokali-cokali. Kika dafa, kika yanka, kika naɗe kowace a farar takarda mai geza. Da na miƙa hannu kika buge shi, kika ce, "Kauce, ƙaton banza, ta ɗanmu Bandi ce! Soja guda da kwaɗayin akuya!" Wayyo dariyarki! Wace ƙararrawar coci ce ta kai ta daɗi?

Piroska, babu alewa a bishiyar nan. Da safen tafiyata, kuna coci, na kwance takardun, na zuba a aljihu, na naɗe gutsattsarin itacen murhu a madadinsu, na mayar yadda suke. Na ce ɗaya zan ɗauka don in tafi da ɗanɗanon hannunki. Sai na tuna yunwar da ke jirana, hannuna ya ƙi tsayawa. Kafin jirgi ya wuce gada na cinye su tas, fuskata a jikin taga.

Wa za a zarga? Bandi mana! Bara da ya saci guda ɗaya, kin ga yadda mahaifiyata ta zane shi. Bana kuwa ya rantse mini, ya ƙame ya sara, ya ce, "Baba, ni ne mai gadinta har ka dawo." Yaron nan yana can yana gadin itace, yana haɗiyar miyau!

Ina roƙonki, sanyin zuciyata, kada hannu ya taɓa shi. Kada kuma ki ce ɓera ne don ki rufa mini asiri. Ki zaunar da shi ki gaya masa ubansa ne. Na san daga ranar ba zai ƙara sara wa hotona ba. Na yarda, gara haka da ya yi kuka yana rantsuwa ba mai saurarensa.

Ki yi fushi da ni iya son ranki, amma kada ki daina jirana. Ni naki ne, da kunyata da komai, har ƙasa ta rufe idona.

Mijinki,
Vilmos