Sifana Mai Cewa Ƙas

Litinin, 1 ga Fabrairu, 1988
Injiniya Abbas na wajen noman rani ya kawo wani baƙin keke rumfata, daga Turai ya taho da shi. Da yatsa biyu na ɗaga shi. Wai ba ƙarfe ba ne, kabon ne, zare aka daskarar da gam. Sirdin ke zamewa. Ya nuna min 'yar sifanarsa: kana ɗaurewa, da ta ce ƙas ka tsaya, in ka ƙara jikin keken ya tsage.

Na ce wannan aikin manya ne, ya kai wa Baba Datti, tsohon maigidana, a bakin gada. Injiniya ya manta sifanar a bencina. Na jefa tsumma a kanta.

Talata, 2 ga Fabrairu
Tun ina yaro nake wa Baba Datti faci yana kirana mai hannun mata a gaban jama'a. A wurinsa noti bai ɗauru ba sai ya zura wa sifana bututu ya danna da ƙarfin tsiya. Ba ya jin ta kowa. To, bismilla.

Alhamis, 4 ga Fabrairu
Keken ya tsage! An ce Injiniya ya zazzage Baba Datti tas a gaban masu tumatir. Tsoho sai juya bututun yake yana cewa, "Ranka ya daɗe, haka nake yi tun kafin a haƙa kwatar nan." Hularsa har ta faɗi, ba wanda ya ɗauko masa. Wallahi na ji daɗi. Tuwo na ƙara.

Asabar, 13 ga Fabrairu
Duk kekunan garin Kura sun dawo wurina. Na mayar wa Injiniya sifanarsa, na ce yanzu na tsince ta. Har godiya ya yi min.

Litinin, 22 ga Fabrairu
Baba Datti ya kwashe rumfarsa. Allah raka taki gona.

Laraba, 9 ga Maris
Na hango shi a hanyar Bunkure yana tsinkar tumatir a gonar wani, cikin mata da yara. Kafin ya miƙe sai ya dafa gwiwa. Ya gane ni, ya ɗaga hannu: "Sammani, in keken nan ya sake zuwa, bi shi a hankali. Hannunka ya fi nawa sanyi." Ba gatse ba ne, na san gatsensa.

Ta bayan gari na dawo. Ta fi nisa, amma gobe ma ta can zan bi. Ba don komai ba, hanyar Bunkuren ce ta cika ƙaya.