Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Stratford, 4 ga Maris, 1991

Gwaggo Ajara,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen Tudun Wada duka. Ya ƙafar?

Kin tambayi aikin da nake yi wa Turawa. Shekara uku ke nan muna zana wata unguwa a Plumstead: tsofaffi a ƙasa, 'ya'yansu da jikoki a sama, ga shaguna, ga makarantar yara, ga benci a tsakar gida. Wato dai gidan Kakanmu na Zariya. Nan sai da aka yi taro sittin, aka ɗauko farfesa, kafin a gano shi.

Inna ta nemi gida a ciki, don hawa na goma sha ɗaya da take zaune a Abbey Wood ya fi ƙarfin gwiwarta, lif kuwa sai ranar da ya ga dama. Sharaɗin ɗaya ne: tsohuwa ta faɗi da bakinta sunan ɗan da zai zauna a samanta. Ni na rubuta shi, don kada wani ya aro uwar wani ya sami flat, wato ɗakunan zama. Har yaba mini aka yi.

Ranar interview ta tantancewa, matar council, hukumar da ke raba gidajen, ta tambayi Inna sunayen 'ya'yanta. Ta ambace ni, ta ambaci Jamilatu. Aka nuna mata Yaya Abdulƙadir, yana zaune da takardunsa da furfurarsa, aka ce wannan fa? Inna ta kalli bango, ta ce wa tafinta, "Wani yaro ne." Matar ta rubuta haka. An ba mu zuwa ƙarshen wata, in ba ta faɗa ba a ba wasu.

Ki yi mata magana, don Allah.

'Yarki,
Sakinatu


Zariya, 13 ga Maris

Sakinatu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi.

Ashe da bokonki aka ɗaure uwarki? Ɗan fari ne fa! Shekara arba'in da huɗu ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ni na goya shi. In ya kwana da zazzaɓi sai ta laɓe bayan ƙofata ta ce, "Ajara, yaron nan naki ya ci wani abu?" Ta rame ta fi shi ramewa.

Ba zan yi mata magana ba. Da wane ido? Ke kuma kada ki tsaya mata a ka da takarda kamar ɗan sanda. Baturiya ba ta san abin kunya ne ba. Ku kuka sani.

A gaida Abdulƙadir. Ni dai bakina ya iya faɗa.

Gwaggonki


Stratford, 22 ga Maris

Gwaggo,

Na ga saƙonki, na kuma sha faɗan. Ina gaida kowa.

Na kai wa shugabana takardar haihuwar Yaya. Ya karanta a natse, ya ce ai irin waɗannan takardun ne na ce masa ba abin dogaro ba ne. Yana da gaskiya, na faɗa, shafi biyu ma na rubuta a kai.

Yaya ya ce a bari, zai riƙa goya ta a matakala. Mutumin da ke haki in ya ɗaure takalmi. Inna kuwa ta ce ita sama ta fi mata, ana ganin kogi. Sati uku ke nan ba ta sauko ba. Jiya na same ta tana leƙen yaran makaranta ta taga, ta ce ƙura take gogewa.

Ki sa mu a addu'a.

Sakinatu


Stratford, 28 ga Maris

Gwaggo,

Gaisuwa. Yau matar council ta hau har wajen Inna. Na bar Yaya a mota. Na sallami tafinta, suna ba ya bukatar fassara.

Matar ta buɗe fayil, ta cire murfin biro, ta nuna hotonsa. Inna ta gyara mayafi, ta ɗago ta kalle ni.

Na ɗauki jakata na fita, na ja musu ƙofa. Ban tsaya a bakin ƙofar in saurara ba, na bi matakala.

Ki huta lafiya.

Sakinatu