Abin da Na Kasa Faɗa a Taron Kansil

Aston, Birmingham
Fabrairu, 2011

Baban Nuru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin asibiti, ya sanyin Manchester? Tarin nan ya sake ka, ko har yanzu likita na gudun magani? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Kar ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali jiya muka yi waya. Ka san bangon gidan nan, in na yi atishawa a kicin ana ji a ɗakin yara. Maganar kuwa ta Yayar Nuru ce.

Kansil, wato ƙaramar hukumar nan, na shirin rufe makarantarsu ta bakin gada. Wai gwamnati ta rage abin da take ba su, kuma motocin da ke kwaso yara kyauta daga unguwanni biyu sun yi musu nauyi. To ai don haka aka gina ta! Su da kansu suka ga 'ya'yan Turawa na karatu a tsallaken ruwa, 'ya'yan 'yan Asiya a wannan ɓangaren, ba mai sanin wani, suka ce a haɗa su wuri ɗaya. Sai da yara suka saba sannan aka tuna babu hali.

Ka tuna firamaren bayan layinmu. Ita kaɗai ce baƙar fata a ajin, sauran duk 'ya'yan 'yan Asiya ne. Alƙiblarsu ɗaya, amma ba mai yarda ya riƙe hannunta a layi. Haka take dawo da abincinta bai taɓu ba, ta daina magana a aji har malamai suka zaci ba ta jin Turanci. Yanzu fa ita ke jan ƙungiyar muhawara, surutu har sai na toshe kunne. A bakin gada kowa daban yake, don haka ba wanda ake nunawa da yatsa. Ga ƙawarta Kaneng, 'yar Celestina ma'aikaciyar jinya, mutanen Jos. Can gida kullum labarin rikici, nan kuwa kujera ɗaya suke zama a bas suna rabon gyaɗa.

Wata mai zuwa kansil za ta saurari iyaye kafin ta yanke hukunci. Yarinyar ta same ni ina wanke-wanke ta roƙe ni in tashi in faɗi yadda makarantar ta canza ta. Na ce Allah Ya kai mu. Kai boko ya wanke maka kunya, kana kiran sunanta gatsau, har ka rungume ta a tasha. Ni tun da na haife ta ban taɓa furta sunanta ba, balle in yabe ta a gaban jama'a. 'Yar fari ce. Haka Inna ta yi mini, kuma ban taɓa shakkar tana so na ba.

Don Allah ka nemi hutu ka zo ranar. Nuru na gaishe ka, ya ce kar ka manta da takalmin ƙwallo.

Taka,
Batulu

Aston
Maris, 2011

Baban Nuru,

Sallama da gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Ban riƙe ka ba da aka hana ka hutu, ko da yake ranar na yi ta mita ni kaɗai.

A waya na ce maka taro ya yi kyau. Bai yi ba.

Zauren ya cika maƙil, yara na tsaye a baya da kayan makaranta. Wani Bature direban babbar mota ya ce kafin ɗansa ya shiga makarantar bai taɓa taka gidan Musulmi ba, yanzu shi ke tambayar yaushe Sallah. Celestina ta tashi ta yabi Kaneng tun daga kai har ƙafa, ta yi kuka, aka tafa mata. Sai shugabar makarantar ta ba da labarin wata yarinya da ta zo ba ta iya ɗaga ido, yau ita ke wakiltarsu a gasa. Ta ce uwar tana nan, ta nuno ni. Matar da ta zo daga kansil ta ajiye bironta ta kalle ni.

Na tashi. Wallahi maganar na cikina, na shirya ta tsaf da Turanci a gaban madubi. Amma ga idanun mutane, ga yarinyar tsaye a baya tana murmushi tana jira. Na ji kamar an ce in cire mayafi a tsakiyar kasuwa. Na kuma ji tsoron baki, ka san ba kowa ke jin alherin ɗan wani ya yi masa fatan alheri ba. Abin da ya fito shi ne makarantar na da tsabta, bas ba ya makara, kuma ina fata Nuru ma zai shiga in ya girma. Na zauna. Matar ta ɗauki bironta, ba ta rubuta komai ba.

Da na waiga, yarinyar ba ta wurin. A motar Celestina ta dawo.

Ba ta yi mini rashin kunya ba, da ma ta yi. Tana gaishe ni, tana cin abin da na dafa, ta shige ɗaki. Nuru ne ya tsegunta mini cewa ta ce masa shi kaɗai na ambata, don shi ne nawa. Baban Nuru, zuciyata ta karye. Yarinyar da na yi ta zarya ofis-ofis da cikin ƙaninta don a karɓe ta a makarantar nan, ita ke ganin ba tawa ba ce.

Ka yi mana addu'a.

Batulu

Aston
Agusta, 2011

Baban Nuru,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da baƙuwarka, Yayar Nuru. Ta saba da ɗakin kuwa? Ka duba tagar nan da ka ce ba ta rufuwa, ba ta jure iska.

Tun da aka rufe makarantar ban sami nutsuwar rubuta maka ba. Shugabar ta rantse mini ko me na faɗa a taron ba zai canza komai ba, an gama magana tun daga sama. Wataƙila gaskiyarta. Amma ba kansil ce ke jiran maganata ba ranar.

An mayar da kowa inda ya fito, gwargwadon kusancin gida. 'Ya'yan Turawa sun koma tsallake, Kaneng an tura ta wata makarantar coci, tamu kuwa aka ba ta ta unguwarmu, inda 'yan ajinta na firamare suke. Ranar da ta ji, ba ta ci abinci ba. Shi ya sa da ka ce akwai makaranta a Whalley Range, can Manchester, mai kowane irin yaro, kuma ita ce ta fara roƙonka ka ɗauke ta, ban yi musu ba. Ka ce na amince da sauri. Me kake so in ce? Gwamnati ta raba yaran mutane, ni kuma na ƙarasa raba tawa da kaina.

Ba ta gaya maka yadda muka rabu a tasha ba, na sani. Nuru ya ƙanƙame ta yana kuka. Celestina ta rungume ta, Kaneng ta sa mata wani abin hannu. Da ta zo gabana sai ta tsaya, jaka a kafaɗa, tana kallona. Ta daɗe a tsaye. Na gyara mata mayafi, na ce ta kula da kayanta, kar ta yi barci ta wuce tasha. Ta ce to, ta hau. Sai da motar ta sha kwana sannan na yarda Celestina ta ja ni muka tafi.

Gidan ya yi shiru. Na kan zuba shinkafa ta mutum uku sai na tuna. Ba ta son albasa a ƙwai, kar ka biye mata ta ce komai ya yi. In ka ga tana yawan cewa ba komai, to akwai komai.

Abu ɗaya nake roƙonka. In an kira taron iyaye a sabuwar makarantar, ko za a kore ka daga aiki ka je. Ka tashi ka faɗi duk alherin da ka sani game da ita, da ƙarfi, tana ji. In abin faɗa ya ƙare maka, ka tambaye ni. Ina da shi da yawa, tun daga ranar da aka miƙo mini ita.

Allah Ya tsare mini ku. Ka gaishe ta.

Matarka,
Batulu